In aure ya mutu a Maradi, wa zai riƙe yara? Yadda ake bin maganar tun daga gida har zastis, wato kotu

Maganar da ta fi yawo a garin nan in aure ya mutu ita ce, yaro in ya kai shekara 7 na ubanshi ne. Za ka ji ta a bakin tsofaffi, a bakin 'yan kabu-kabu, har a bakin matan da abin zai faɗa ma, kuma mata da yawa saboda wannan magana ɗaya suke ɗaure ma yaro kayanshi a leda su miƙa shi suna kuka ba su taɓa tambayar kowa ba. Al'adar tana nan, ba ƙarya ba ce, alƙalai ma sun san da ita kuma suna dubanta. Amma al'ada ce, ba doka ce rubutacciya ba, kuma ba ita kaɗai ake dubawa ba. Abin da nike so 'yan'uwa mata da maza su riƙe shi ne, maganar riƙon yara ba a barinta a baki, ana rubuta ta, kuma akwai hanyar da talaka zai bi ya samu a rubuta mashi.

Mu fara da wace doka ake aiki da ita, don nan ne ruɗanin yake. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali, an sha yunƙurin yin shi bai yiwu ba. Shi ya sa dokar tsarin kotuna ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2018, suka ce a maganar aure da saki da gado da dangantakar ɗa da iyaye alƙali ya yi aiki da al'adar masu shari'ar. To amma da sharaɗi, kada al'adar ta saɓa ma dokokin ƙasa ko yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta sa ma hannu. Nijar kuwa tun 1990 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara, wadda ta ce duk hukuncin da ya shafi yaro a fara duba abin da ya fi zama alheri gare shi. Wannan ita ce ƙofar da alƙali ke bi ya bar yaro ɗan shekara 9 wajen uwarshi, ko kuma ya karɓe ɗan shekara 4 daga hannunta in ya ga zamanshi can cuta ce. Wanda kuma aka ɗaura ma aure a meri, wato ofishin magajin gari, bisa dokar boko, nashi daban ne, alƙali ne kaɗai ke raba wannan aure kuma da waccan dokar zai yi aiki.

Sannan ga addini, wanda mutane da yawa ke zaton shi ne ya kawo shekara 7 ɗin nan. A mazhabar Malikiyya da muke bi ba haka ba ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatun da ba a karanta ta a Maradi, ta faɗa a sarari cewa bayan saki riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ba wajen uba yake fara komawa ba, wajen kaka ta wajen uwa yake komawa, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna kan uba ko a ina yaron yake. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta yi maganar shayarwa shekara 2 da ciyarwar da ke kan uba, kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗanshi. Don haka 'yar'uwa in wani ya ce maki neman riƙon ɗiyanki saɓa ma addini ne, ki ce mashi ku je a buɗe littafi.

Yanzu abin yi tun ranar da abin ya faru. Na san ranar ba ranar tunani ba ce, hankali ya tashi, dangi sun cika gida, kowa na faɗin nashi. Duk da haka ki yi ƙoƙari ki samu takardar sakin a rubuce da kwanan wata da shaidu, in ta waya ya yi ko ta vokal a WhatsApp kada ki goge, ki tura ma wata 'yar'uwarki ta ajiye maki don waya tana iya ɓata ko a karɓe ta. Ki tattara takardun haihuwar yara, da karnen asibiti mai allurar rigakafi, da takardun sakamakon lakwal, da katinki na ɗan ƙasa, da takardar aure in akwai. In asalin takardun suna hannun maigidan kada ki yi faɗa a kansu, ana iya neman wasu a merin da aka yi rajista, ko kuma ki ɗauki hotonsu da waya. Ki yi fotokopi, asalin kuma kada ki bar ma kowa, ko a biro ki nuna ki karɓi abinki.

In yaro ba shi da takardar haihuwa sam, kuma wannan ya yi yawa musamman ga waɗanda aka haifa a gida a ƙauye, ba a makara ba. In lokacin sanarwa a meri ya wuce, alƙali na yin hukuncin da ke tsaya ma takardar haihuwa, ana zuwa da shaidu. Ki fara da wannan tun da wuri, don sunan uba a wannan takarda shi ne tushen neman kuɗin ciyarwa, kuma yaron ma zai buƙace ta ranar jarrabawa.

Sai sulhu. Ni dai a ganina duk maganar da za ta ƙare a zauren gida cikin mutunci ta fi wadda za ta kai gaban alƙali, domin yaran nan gobe za su yi aure, baffanni da kawunnai duk sai sun zauna tabarma ɗaya. A fara da waliyyai, in ya gagara a je wajen mai unguwa ko liman, in ya gagara a je fada, ko ta Sarkin Katsinan Maradi ko ta Sarkin Gobir a Tibiri ko wajen sarkin yankinku, akwai kuma malaman ƙungiyar addinin Musulunci da ke zama kan irin wannan. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada kuma su rubuta abin da aka daidaita a kai, ko su rubuta cewa ba a daidaita ba. Ikon sasantawa ne, ba na tilastawa ba. In abin da aka yanke bai kwanta maki ba ki ce cikin ladabi, ranka ya daɗe ban gamsu ba, a ba ni takarda in je gaba. Ba rashin kunya ba ne.

Inda sulhun gida ke lalacewa kullum wuri ɗaya ne. Ana tashi da "to shi kenan, zai dinga aiko da abin da ya samu, Allah ya sa albarka", a shafa fatiha kowa ya watse. Wata biyu ana aikowa, na uku a ce kasuwa, na huɗu ya yi sabon aure, daga nan shiru. Don Allah kafin a shafa fatihar nan a rubuta. Wa ke riƙe da wane yaro, nawa za a ba da kowane wata kuma ran nawa ga wata, wa zai biya lakwal da makarantar allo ko islamiyya, in yaro ya kwanta ciwo da dare wa za a kira kuma wa zai sayi magani, kayan salla fa, hutun lakwal a wane gida. Kowa ya sa hannu, shaidu su sa, a buga hatimi, sannan a kai ma alƙali ya tabbatar da ita don ta samu ƙarfin da za a iya tilasta ma wanda ya saɓa.

Kuma 'yar'uwa in ke ce kika nemi rabuwar har aka ce ki maida sadaki, ki buɗe kunne sosai. Maida sadaki shi kaɗai ba ya kashe haƙƙinki na riƙo. Amma wasu kan cusa sharaɗin ki bar yaran a cikin maganar, ke kuma don kin gaji kina so ki fita ko ta halin ƙaƙa sai ki ce na yarda. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maki da Hausa ba, kuma wanda zai karanta ya zama naki ne.

In sulhu ya ƙi, sai zastis. A cikin gari akwai babbar kotun Maradi, waɗanda ke Tasawa, Dakoro, Mayahi, Agye, Madarunfa ko Gidan Runji kuma akwai kotu a can, ba sai sun zo birni ba. Ki je da safe, ranar Juma'a aiki rabin wuni ne. Kina shiga kada ki tsaya wajen masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa sun san alƙali, ki tambayi biron ANAJJ kai tsaye. Wannan hukuma ce ta gwamnati da dokar watan Disamba 2011 ta kafa don taimakon mutane a harkar shari'a, kuma tana da biro a manyan kotuna. Aikinta iri biyu ne. Na farko bayani da shawara da nuna hanya, har da taimakon rubuta ƙara, wannan kyauta ne ga kowa, mace ko namiji, mai kuɗi ko talaka. Na biyu shi ne a ba mutum mai kare shi a gaban alƙali, wannan na marasa hali ne da suka kawo shaidar rashin hali, da kuma wasu rukunin mutane da dokar ta ce a ba su kai tsaye, cikinsu har da macen da ke neman kuɗin ciyar da yara ko riƙon yara ko rabon gado, da macen da aka ci zarafinta. Mata da yawa ba su san da wannan ba, wallahi abin na ci mani rai, haƙƙi ne doka ta ba su suna zaune gida suna cewa ba su da kuɗin lauya.

Lauyoyin ƙasar nan mafi yawansu a Yamai suke, shi ya sa aka tanadi wasu mutane da ba lauyoyi ba waɗanda ake naɗawa su kare marasa hali. In kina da halin ɗaukar avoka da kuɗinki, ku yi maganar kuɗin tun farko, nawa ne, ya haɗa da kuɗin mota da masauki ko a'a, ya haɗa da ɗaukaka ƙara ko a'a, kuma duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Amma shari'ar al'ada ba dole sai da lauya ba, mutane na tsayawa da kansu kullum. Akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, AFJN, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, su ma suna ba da shawara.

Bayan an shigar da ƙara za a ba da sammaci. Ɗan'uwa in sammaci ya zo maka ka je, ƙin zuwa ba ya tsaida shari'a, ana iya yanke hukunci ba ka nan, ka rasa damar faɗin naka. Alƙali ba shi kaɗai yake zama ba, akwai mashawarta da suka san al'adar masu shari'ar, galibi dattawa ne da malamai, su suna faɗin abin da al'ada ta ce, shi kuma ya yanke. Yakan fara da neman ya sasanta ku. In saki ne miji ya riga ya yi, alƙali zai rubuta tabbacin sakin, to a wannan zaman ne za ki ta da maganar riƙo da ciyarwa da kuɗin lakwal, kada ki karɓi takardar saki kawai ki fito da niyyar sai wani lokaci. Ki yi magana da Hausarki, in ana faransanci ba ki gane ba ki ce a fassara maki.

To mi alƙali ke dubawa? Shekarun yaro da farko, mai shan nono da ƙanana sosai da wuya a raba su da uwa sai da babban dalili. Sannan wa ke kula da yaron a zahiri. Nan ne za ki ga bambanci tsakanin wanda ya zo da surutu da wanda ya zo da shaida. Mace ta kwance baƙar leda ta fiddo karnen asibiti duk ya yi laushi don yawan riƙo, ga ranakun allura a jere, ga takardar magani ta lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaron da damina, an tambaye ta aji nawa yake ta faɗa har da sunan malaminshi, an juya wajen ɗayan ya tsaya yana lissafi da yatsu. Wani lokacin kuma uban ne ke da wannan ledar, shi ke kai su lakwal bisa moto kowace safiya, uwar ta bar su wajen maƙwabta. Alƙali na ganin duk wannan.

Yana duba inda yaron zai kwana da wanda zai wuni da shi. In uba ɗan kasuwa ne kullum yana hanyar Kano ko Kwatano, ko yana tafiya cin rani wata da watanni, tambayar ita ce hannun wa yaron zai zauna, matar uba ko kaka, kuma yaya zamansu yake. In uwa ta yi sabon aure, mijin ya yarda da yaron, ko kakar yaron za ta riƙe. Yana duba karatu, ko canjin gida zai fidda yaro daga lakwal, ko za a ɗora ma yarinya talla, ko za a tura yaro almajiranci nesa yana ƙarami. Yana duba lafiya da hali, duka, shaye-shaye, sakaci. Yana iya tura ma'aikatan jin daɗin jama'a su je gidajen biyu su gani da idonsu su tambayi maƙwabta, kuma yaron da ya yi wayo ana iya jin ta bakinshi. Talaucin uwa shi kaɗai ba hujja ba ce ta karɓe mata yara, tunda ciyarwa dama a kan uba take.

A gaban alƙali ki rage tone-tonen abin da ya faru a aure sai wanda ya shafi yaran. Na san zuciya cike take, kishiya ta yi, uwar miji ta yi, amma lokacin kaɗan ne kuma abin da ake so a ji shi ne ina yaron zai fi samun kulawa. In akwai duka, ki kawo takardar likita da shaidun da suka gani da ido, ba waɗanda suka ji labari ba. Kuma ku duka biyu ku ji tsoron Allah kada ku koya ma yaro abin da zai faɗa. Alƙalai sun saba, tambaya biyu za su gane haddar ce, kuma yaron da aka sa ya tsaya ya kushe uwarshi ko ubanshi gaban mutane zai daɗe bai warke ba.

Kuɗin ciyarwa ba su da wani adadi guda da aka yanke ma kowa, ana duba ƙarfin uba da buƙatar yaro. Don haka ki zo da lissafinki, tiya nawa ta hatsi ke shiga wata, kuɗin cefane, sabulu, kuɗin karin safe na lakwal, magani. Kada ki faɗi abin da kin san ba ya da shi, kada kuma kunya ta sa ki ce duk abin da ya ba da. In ma'aikaci ne mai albashi, ana iya hukunta a cire daga albashin. In ɗan kasuwa ne ko manomi sai an nuna abin da yake samu, shago ne, gona ce, mota ce. Kai kuma uba, ka daina ba da kuɗin hannu da hannu ba shaida ko ka aiki yaro da su. Ka tura ta Nita ko Amana ko Al Izza ka ajiye rasit, ko a samu ɗan littafi ana sa hannu duk wata. In buhun hatsi ka kai a rubuta. Wannan kariya ce gare ka ranar da za a ce ba ka taɓa ba da ko dala ba.

Wanda bai samu riƙo ba yana da haƙƙin ganin ɗiyanshi, kuma wannan ma a sa shi cikin hukuncin da ranaku, kada a bar shi a "duk lokacin da ya so". Rashin biyan kuɗi ba ya ba uwa damar rufe ƙofa, haka riƙo a hannun uba ba ya ba shi damar hana uwa ganin abin da ta haifa. Ina roƙon maza musamman a nan, karɓe yaro don a ƙuntata ma uwarshi, alhali kai ba ka wuni gida, ba riƙo ba ne.

In an yanke hukunci kada ki tafi da abin da kunnenki ya ji kawai, ki koma wajen magatakardan kotu ki nemi kofin hukuncin mai hatimi. In bai yi maki ba, a ranar ki tambayi kwana nawa gare ki na ɗaukaka ƙara kuma a ina, don lokacin ƙayyadadde ne, in ya wuce ya wuce. In an yanke ma uba kuɗi ya ƙi biya da gangan, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne zartar da hukunci, kuma ƙin biyan ciyarwar da kotu ta yanke laifi ne a dokar hukunta laifuka, ana kai kuka wajen mai gabatar da ƙara na gwamnati. Haka wanda ya ƙi miƙa yaro ga wanda kotu ta ba. Kada ki tara 'yan'uwanki maza ku je ƙwato yaro da ƙarfi, ki ɗauki takardarki ki koma inda aka ba ki ita. Hukuncin riƙo kuma ba na har abada ba ne, in hali ya canza, an cire yaro daga lakwal, ana dukanshi, mai riƙon ya ƙaura ko ya kwanta ciwo, ana komawa a nemi a sake dubawa, kuɗin ma ana neman ƙari ko ragi.

Abu na ƙarshe namu ne na bakin iyaka. Daga Maradi zuwa Ɗan Isa zuwa Jibiya ba nisa, kuma kusan kowane gida na da dangi a Katsina ko Kano. In kina da dalilin tsoron za a tsallaka da yaran, ko kai kana tsoron za a tafi da su, a faɗa ma alƙali tun zaman farko a nemi ya rubuta cewa ba a fita da su ƙasar sai da yardar ɗayan. Hukuncin Nijar ba ya aiki kai tsaye a Najeriya, sai an bi ta kotun can, ga kashe kuɗi ga ɗaukar lokaci. Ki ajiye hotunan yaran na kwanan nan da kofin takardunsu da lambobin dangin da ke can, in kuma aka wayi gari ba a ga yaro ba, a ranar za ki je komisariya ko wajen jandarma da kofin hukuncin a hannu, kada ki jira a ce bari a gama bincike cikin dangi.